Jan Zare a Ƙyallen Elspet Coull

Ni da Elspet Coull benci ɗaya muka zauna a makarantar Malama Geddes, kuma bango ɗaya ne ya raba gidanmu da nasu a Portlennie, garinmu na masunta a bakin teku, tun muna yara har ta bar duniya. In an yi tari a ɗakinsu muna ji. Saboda haka abin da zan faɗa a kanta yawanci a gabana aka yi shi.

A lokacinmu duk yarinyar da ta kai shekara goma sai ta yi ƙyallen koyo. Yadin lilin ne ake yanko miki kamar tsawon kamu ɗaya, ki zauna kina ƙirga zarensa ɗaya bayan ɗaya, ki ɗinka haruffa layi uku, manya da ƙanana, da lambobi, da gida mai tagogi biyar, da dawisu. A can ƙasa kuma ki jera harufan sunayen mutanen gidanku da jan ulu da kore. Wanda ya mutu, nasa da baƙi ake yi. Daga ƙarshe ki sa sunanki da shekara. Da shi ake gane yarinya tana da hannu, za ta iya sa wa zannuwan gado da rigunan maza alama.

Nawa bai yi kyau ba. Malama Geddes ta taɓa ɗaga shi sama a gaban aji ta ce, "Marget, wannan dawisu ne ko kazar da ruwan sama ya yi wa duka?"

Na ce, "Dawisu ne, Malama."

Ta ce, "To ki gaishe shi, ki ce ina masa sannu da jiki."

Na Elspet kuwa, in ka juya bayansa ba ka bambanta shi da gaba. Ba ta barin ƙulli, ba ta barin zare yana reto. Tun lokacin ba mai yawan magana ba ce, amma tana dariya, kuma ta iya kwaikwayon tafiyar Malama har sai cikinmu ya yi ciwo. Na faɗi wannan ne don waɗanda suka san ta daga baya ba sa yarda.

Gidansu mutum biyar ne: Baba Alick, da Inna Isie, da yayyenta maza biyu, Hendry da Gilbert, sai ita auta. Ta gama jera harufansu duka da jan ulu a watan Satumba na shekarar 1868. Saura mata gefen furanni kawai.

Da safiyar wata Talata a Oktoba jiragen kamun kifi goma sha ɗaya suka fita. Mata suka tattare siket suka goya mazansu zuwa jirgi kamar kullum, don kada su shiga teku da jiƙaƙƙun kaya. Inna Isie ta kai mijinta, ta dawo ta kai Hendry, ta dawo ta ɗauki Gilbert. Shekararsa goma sha bakwai, kuma bakinsa ba ya shiru. Ina tsaye a gaɓa na ji yana cewa, "Inna, yau kina haki. Tsufa ne ya zo?"

Ta ce, "Sauka ka taka ruwan da ƙafarka in ka gaji da tsohuwa."

Ya ce, "A'a, ci gaba, kina ƙoƙari."

Kafin azahar iska ta juya. Jirage takwas suka dawo. Gawar Baba Alick ta fito a kwana na uku, ta Hendry a kwana na tara, shi ma ba a gane shi ba sai ta saƙar rigar sanyin da ke jikinsa, don Inna ce ta saƙa ta. Gilbert ba a ga ko takalminsa ba.

Bayan kusan mako uku Elspet ta dawo makaranta. Malama Geddes ta ajiye mata baƙin ulu da ɗan almakashi a kan benci. Ba ita kaɗai ba ce, mu biyar aka ba baƙin ulu a ranar, ni don kawuna. Elspet ta tsefe harufan babanta da bakin allura, ta zare jan a hankali, ta sake bin ramukan da baƙi. Ta yi na Hendry. Tana shirin kama na uku sai ga Inna Isie a ƙofar aji, da ƙarnin kifi a jikinta. Ba ta taɓa taka makarantar ba sai ran nan.

Ta ce, "Malama, na Gilbert kada a taɓa."

Malama ta ce, "Isie, kwana ashirin ke nan. Kin san ruwan nan kamar yadda na san shi."

"Na sani. Amma ni na goya shi na sa shi a jirgi, kuma ban ga gawa ba. Ran da na gani sai a canza."

Malama ta dubi Elspet, Elspet ta dubi ƙyallen. Sai ta soke allurar a gefe, ta ɗauko koren ulu ta ci gaba da furanninta.

A hanyar gida na tambaye ta ko ta yi kuka, don ban gan ta tana yi ba ko a wajen jana'iza. Ta ce, "Ina ta jira ya zo. Bai zo ba." Ta faɗa ne kamar mai maganar mai kawo wasiƙa.

Ta gama ƙyallen kafin Kirsimeti. Kafinta ya sa shi a katako da gilashi, aka rataye shi a saman akwatin kaya. Da sabuwar shekara ta shigo ta bar makaranta. Inna tana saɓa kwandon kifi tana bin gonaki tana musanya shi da ƙwai da garin hatsin oti, ita kuma Elspet tana zaune a ƙofar gida tana ɓare katantanwar teku tana sa wa ƙugiyoyin kamun kifi na jiragen wasu. Duk bayan shekara biyu Inna sai ta saƙa wa Gilbert sabuwar rigar sanyi, tana ƙara mata faɗi a kafaɗa, wai yanzu ya zama namiji. Ta ninke ta sa a akwati. Elspet ce ke riƙe mata ulun tana naɗewa. Ban taɓa jin ta ce mata ta daina ba, ban kuma taɓa jin ta ce Gilbert zai dawo ba.

Da muka kai shekara goma sha shida muka fara bin kifi. Da bazara muna arewa a tsibirai, da kaka muna kudu a ƙasar Ingila, muna fede kifi muna dannawa a ganga da gishiri. Mu uku ne a ƙungiyarmu: ni da Baubie Slater muna fiɗa, Elspet tana jerawa. Tun da asuba muke ɗaure yatsu da tsummoki saboda wuƙa da gishiri. Duk da haka hannu sai ya tsage, gishirin ya shiga. Ni da Baubie muna tsaki muna zagin kifin da uwarsa. Elspet takan duba yankan ta sake ɗaurewa ta koma bakin ganga.

Baubie ta ce mata wata rana, "Ke wai jini ne a jikinki ko ruwan gishiri? In na soka miki wuƙar nan za ki ce wash?"

Elspet ta ce, "Gwada mana."

"Ba zan ɓata wuƙata ba."

Ita ke sa wa 'yan masaukinmu duka alama a kayansu. Ran Lahadi ba a ɗinki, amma ran Asabar da yamma za ka ga an tara mata tawul da riguna, kowa tana cewa, "Elspet, don Allah nawa da shuɗi." Ba ta ƙi, ba ta kuma karɓar komai.

Akwai wani maƙerin ganga, Dougal Reaich, da ya so ta. Mutumin kirki ne, mai faffaɗan hannu. Shekara biyu yana zagaye kafin ya buɗe baki. Da ya ce yana son ya aure ta, ta ce, "To." Ya tafi yana murna. Bayan kwana uku ya dawo ya tsaya a bakin gangarta, muna ji, ya ce, "Elspet, kin ce to. Amma kina so na kuwa?"

Ta ɗan yi tunani, da kifi a hannunta. Ta ce, "Ban ƙi ka ba, Dougal."

Ya jira ko da saura. Babu. A shekara mai zuwa ya auri wata 'yar garinsu.

Baubie ta kusa cinye ta ɗanya. "Ban ƙi ka ba. Haka ake ce wa namiji? Ai ko dafaffen dankali aka miƙo miki kya ce masa abin da ya fi haka."

Elspet ta ce, "Tambayata ya yi, na faɗa masa gaskiya."

Ni na yi aure, na haifi shida, na binne biyu. Baubie ta bi miji zuwa wani gari. Elspet ta ci gaba da bin kifi da sababbin 'yan mata, har suka fara ce mata Gwaggo.

Inna Isie ta rasu a shekarar 1891, ciwon ƙirji. Bayan kwana bakwai na iske Elspet a ƙofar gida inda haske ya fi, ta ɓalle bayan katakon ta ciro ƙyallen. Jan ulun ya ɗan koɗe, lilin ya yi ruwan ƙasa. Ta tsefe harufan Inna ta mayar da su baƙi. Hannunta ya yi kaushi da gishiri har ulun yana maƙalewa a fatarta, amma ɗinkin ya fita daidai da na da.

Na ce, "Tunda kin buɗe, ba za ki yi na Gilbert ba gaba ɗaya? Shekara ashirin da uku fa."

Ta ce, "Inna ta ce kada a taɓa."

"Inna ta tafi, Elspet."

"Ai ba ta ce in ta tafi a taɓa ba."

Ta mayar da shi cikin gilashi. Rigunan sanyin da ke akwati, guda goma sha ɗaya, ta fito da su ta raba wa mazan unguwa. Mijina ya sami ɗaya.

Shekara goma sha takwas bayan haka, a watan Yuni na 1909, muna zaune a waje muna gyaran taru da hantsi sai ga wani tsoho yana gangarowa daga hanyar tashar jirgin ƙasa, da akwatin katako a kafaɗa. Gemunsa fari, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ya wuce mu, ya dawo, ya tsaya yana kallon ƙofar su Elspet.

Ya ce, "Sannunku da aiki. Nan ne gidan Alick Coull?" Harshensa ya karkace kamar na mutanen ƙetare.

Elspet ta ce, "Nan ne. Amma ya daɗe da rasuwa."

"Matarsa fa?"

"Ita ma."

Ya sauke akwatin ya zauna a kansa. Ya daɗe yana duban hannuwansa. Sannan ya ce, "Eppie, ke ce?"

Tun ranar da jirgin nan ya nutse ba wanda ya ƙara kiran ta da wannan suna. Allurar tarun ta faɗi daga hannunta ta gangara cikin duwatsu. Ta bi ta da ido har ta tsaya. Ni na kama bango. Ita kuwa ta tashi ta ɗauko allurarta, ta share ta a siket, ta ce, "Shigo ciki, Yaya. Ka ci abinci?"

Na bi su, ba wanda ya hana ni. Ta ɗora buta a wuta. Shi ya tsaya a tsakiyar ɗaki da hula a hannu, idonsa ya kai kan ƙyallen. Ya matsa kusa, ya bi harufan da yatsa ta kan gilashi: baƙi, baƙi, baƙi, ja.

Ya ce, "Wa ya ce a bar wannan?"

"Inna."

"Har ta mutu?"

"Har ta mutu."

Ta zuba masa shayi. Ya zauna ya fara magana ba tare da an tambaye shi ba, yana kallon tebur. Ya ce da jirgin ya kife, shi da Hendry suka kama itacen tuƙi guda. Itacen ba ya ɗaukar mutum biyu, in ɗaya ya hau sai ɗaya ya nutse. Suka daɗe a haka, sanyi ya kashe musu hannu. Can sai ya ga shi kaɗai ne. Wani jirgin katako na mutanen Norway ya tsince shi da la'asar, bai san inda yake ba sai bayan kwanaki. Da suka isa ƙasarsu aka ce za a nema masa jirgin da zai mayar da shi gida, sai ya shiga wanda zai tafi Kanada. Can ya zauna, yana aiki a wurin yanka katako. Bai yi aure ba.

Ya ce, "Ban sani ba, Eppie. Shekara arba'in da ɗaya ina juya abin. Ko shi ya saki, ko ni na ture shi da ƙafa. Na tuna ƙafata ta taɓa wani abu. Na rubuta wa Inna wasiƙa ya fi sau ashirin, in na zo wurin sai in yaga."

Ina jiran in ga ta tashi ta mare shi, ko ta rungume shi. Ta juya cokali a kofinta.

Ta ce, "Shayinka zai huce."

Haka ya zauna a gidan. Ta gyara masa gadon da ke jikin bango, wanda dā shi da Hendry suke kwana a kai. Garin ya yi ta maganar har wata guda. Maza ba su kore shi daga jikin katangar tashar jirage inda tsofaffi ke shan taba ba, amma in ya zauna hira sai ta mutu. Da ya gane haka ya daina zuwa. Ya koma gyara wa mutane ƙofofi da kujeru, don ya iya itace. Ran Lahadi su tafi coci tare, ita a gaba shi a baya. Ta bango ba na jin komai sai ƙarar cokali da kwano.

Na taɓa ce mata, "Ke ba ki ji haushinsa ba? Inna ta yi shekara ashirin da uku tana saƙa wa mutum riga, shi yana can yana yaga takarda."

Ta ce, "Ya kamata in ji, ko?"

"Ni da ni ce da na fasa masa kai da tukunya."

"To ai ke ce, Marget."

Da sanyi ya shigo ta saƙa masa rigar sanyi, don wadda ya zo da ita ba ta tare iskar nan.

A shekara ta uku da dawowarsa wata mata ta zo daga Edinburgh a mota, da direba. Tsofaffin ƙyallayen koyo take saye, gida-gida, wai masu hali a birni sun fara rataye su a falo. Mata suka yi ta fito da na kakanninsu daga ƙasan akwati. Nawa ta duba, ta ce "Allah sarki," ta miƙo mini abina. Na raka ta gidan Elspet don in ga yadda za a yi.

Ta sa aka sauko da shi, ta fito da wani ɗan gilashin ƙara gani. Ta daɗe a kansa. Ta ce, "'Yar shekara goma? Wannan hannun? Na ga ɗari ban ga irinsa ba." Sai ta kai ga layin ƙasa. "Waɗannan baƙaƙen an tsefe an sake. Ga burbushin ja a ƙarƙashi. Biyu lokaci guda, ɗaya daga baya, ulun ba iri ɗaya ba ne."

Elspet ta ce, "Haka ne."

"Wannan jan fa, G.C.? Shi ya yi tsawon rai ke nan."

Gilbert yana zaune a bakin murhu yana feƙe ƙafar kujera. Bai ɗago ba. Elspet ta nuna shi da haɓa ta ce, "Ga shi nan."

Matar ta yi masa murmushi ta ce Allah ya ƙara lafiya. Sannan ta fara lallashi, tana cewa ta san abu ne mai wuyar rabuwa, za a adana shi da kyau, ba za a bari rana ta taɓa shi ba. Ba ta kai ƙarshe ba Elspet ta ce, "Ɗauki."

Matar ta ɗan rikice, don ta shirya doguwar magana. Ta ce, "Ko za ki yi shawara da ɗan'uwanki?"

"Ni na ɗinka."

Ban tsaya na ga abin da aka ba ta ba, na fita. Da motar ta tafi na koma na ce, "Elspet, me ya sa?"

Ta ce, "Ta ce tana so. Ni kuma na daɗe ban dube shi ba." Wurin da yake ya bar fari mai kusurwa huɗu a bangon da hayaƙi ya dafa. Washegari Gilbert ya kwaɓa farar ƙasa ya shafe ɗakin gaba ɗaya.

Ya rasu a watan Afrilu na shekara mai zuwa. Kwana shida ya yi a kwance, muna karɓa-karɓa ni da ita. A rana ta biyar da hantsi ya kama hannun rigarta ya ce, "Eppie, kin yafe mini?"

Ta zauna a bakin gadon. Ta ce, "Yaya, ban riƙe ka da komai ba. Tun ran da ka zo nake dubawa a cikina, ko fushi ko murna. Ban sami komai a wurin ba. Da akwai da na ba ka."

Ya ce, "To, haka ma ya isa." Ya juya fuskarsa bango.

Aka binne shi kusa da babansa. Mutane sun fito fiye da yadda na zata, har waɗanda ba sa yi masa magana.

Ta rayu shekara goma sha huɗu bayansa. Da yaƙi ya zo ta saƙa wa sojoji safa, ƙafa nawa ban sani ba, ɗana na biyu yana cikin waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Ita ce ta zauna da ni a kwanakin. Ba ta ce in yi haƙuri ba, tana zaune tana saƙa, kuma a duk waɗanda suka zo ita kaɗai ce zamanta bai dame ni ba. Daga baya idonta ya yi rauni ta bar allura, ta koma kiwon kaji a bayan gida.

Wata Alhamis a watan Maris na 1927 na ji kajinta suna ta kuka har rana ta yi tsaka ba a buɗe musu ba. Na shiga na same ta zaune a tebur, kanta a jingine da bango, da wuƙa a cinyarta. Ta fere dankali uku, na huɗu ta kai rabi. Na rufe mata ido, na buɗe wa kajin, sannan na je na kira mata muka yi mata wanka. Ba ta bar magaji ba. Gidan yanzu wani mai jirgi ne ke ajiye taru da igiyoyi a ciki, yakan zo ya buɗe shi sau ɗaya a mako.